Kokona Ya Koma Warin Fetur

Anti Safiyatu, don Allah don Annabi ki taimaka min da shawara, ni dai kaina ya kulle. Ina wuni, ya aiki, ya yara. Ki yi haƙuri da rubutun, a wayar 'yata Radiyya nake dannawa, kuma ni bokon nawa bai yi nisa ba.

A Wudil nake, koko nake damawa na sayarwa tun ina goyon fari. Ba yabon kai ba, har daga wajen gada ake aiko da kwano gidana. To maigidan, Baban Radiyya, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗauko kaya daga Lajawa da Achika, hatsi ne, awaki ne, duk abin da Allah ya kawo. Motar nan ta girmi aurenmu. Da safe tari take ta yi kamar mai asma, sai maƙwabta sun fito sun tura.

Da can Sabo bakanike ke duba masa ita. Rannan sai Sabo ya ce masa a gaban mutane wai tankin duk tsatsa ne, ya kai ta wajen 'yan gwangwan su auna kowa ya huta. Shi ke nan fa. Bawan Allahn nan ya dawo yana huci, ya rantse ba bakaniken da zai ƙara taɓa masa mota, da hannunsa zai dinga yi. Anti, mutumin da ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai ya kira mai gyara.

Tun daga nan tsakar gidana ya zama gareji. Akwai wani abu wai kafireto, wai shi ke shayar da injin mai. Duk sati sai ya kwance shi ya rungumo kamar jariri, ya baje a farantin da nake tsince gero. Ya jiƙa 'yan ƙarafan a fetur cikin robar ƙulluna, ya karyi tsinken tsintsiyata yana soka wa hudojin, ya sa baki ya busa, ya ɗaga sama ya kanne ido ɗaya kamar mai duban wata. Filtar mai kuwa ya cire ya yar, wai ita ce munafukar da ke tare fetur. Yanzu in ya sayo mai wajen 'yan bumburutu, da matacin gasarata yake tacewa, wai duk garin ba ƙyallen da ya kai shi. In ya gama ya ɗauraye ya shanya min a igiya, har da ce min ya wanke tas.

Na wanke da sabulu, na sa toka, na sa lemon tsami, warin yana nan. Na sayi sabo na ɓoye ƙarƙashin katifa, ya gano. Na cusa a buhun gero, nan ma ya gano, to ai shi ya kawo buhun.

Ke dai bari. Yelwa maƙwabciyata ta ce mijinta ya sha kokona ya yi gyatsa, sai da ta hana shi matsowa kusa da murhu. Yanzu gidan mai ake ce wa gidana, mai saye ya miƙo kwano ya ce a zuba masa lita. Ina dariya a gabansu, in sun tafi in zauna in yi tagumi, don rabin tukunya ke kwantai. Na zuba wa awaki, suka shinshina suka juya.

Na dama na ba shi ya sha don ya ji da bakinsa, ya shanye ya nemi ƙari, wai shi bai ji komai ba. Yo mutumin da kullum tiyo na bakinsa yana zuƙar fetur, me zai ji? Na ce sana'ata za ta mutu, ya ce ai motar ke kawo geron. Kuma gaskiyarsa ce, bai rage mu da komai ba, ba shi da faɗa. Amma Anti kokon nan shi ne nawa, da shi nake fita kunyar biki da suna ba tare da na roƙi kowa ba. In kai ƙararsa wajen yayansa ne, ko in kirawo Sabo a ɓoye?

Taki, Mai Koko, Wudil

AMSA

'Yar'uwa Mai Koko, sannu da ƙoƙari. Kada ki kirawo Sabo a ɓoye, kada kuma ki yi saurin kai ƙara. Maigidanki ba mugunta yake yi ba. An muzanta abin da yake ci da iyali da shi a bainar jama'a, shi ne ya zama bakanike rana ɗaya. In Sabo ya shigo gidan ta hannunki, za ki ga har injin ya sauke a ɗakin girki.

Amma ke ma kina da gaskiya, har ma fiye da yadda kika zata. Fetur ba abin sha ba ne. Duk kokon da kika ji wari a cikinsa, zubar da shi, kada ki sayar, kada ki ba dabba. Faranti da roba da matacin da ya riga ya taɓa, bar masa su kyauta, ki sayi sababbi ki ajiye wajen Yelwa. Robar fetur kuma ba ta zama gida ɗaya da murhu. Wannan ki faɗa masa yau, ba gobe ba, gyaran ya koma ƙofar gida. Shi ma zuƙar tiyo da baki ya bari.

Na kai wasiƙarki wajen wani mai gyaran tsofaffin motoci. Ya ce muddin tankin na da tsatsa kuma babu filta, kafireto zai yi ta toshewa ko da kullum ake busa shi. Maganin a sauke tanki a wanke, a sa sabuwar filta, a canja tiyon da ya tsufa, a dinga shan mai a inda yake da tsabta. Maigida ya rantse bakanike ba zai taɓa mota ba, to ya kwance tankin da hannunsa ya kai wa masu gyara. Tanki aka taɓa, rantsuwarsa na nan lafiya.

Sai ya ƙara wata magana. Ya ce ƙyallen da aka tace gasara da shi ba ya rasa burbushin ƙullu da zare, kuma hudojin nan ko ƙwayar yashi na toshe su. Wato ke kina shayar da mutanen Wudil fetur, shi yana shayar da motarsa koko.

Nan kika yi kuskure. Kin yi ta gaya masa motarsa na ɓata miki sana'a, ya saurara da rabin kunne. Gobe ki same shi da fuskar tausayi, ki ce kin ji an ce matacinki ne ke cutar da motar. Daga ranar, ko roƙonsa kika yi ba zai taɓa shi ba.

In kin dama na farko da sababbin kaya, ki aika wa tsofaffin masu sayenki su ɗanɗana kyauta. Allah ya dawo miki da kasuwa, ya ba motar lafiya, ya bar ku tare.

Anti Safiyatu