Ruwan Zafi a Hamada, Inda Ba Mai Ganin Fatata

Anti Rabi'a, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai ɗauka na zautu ba.

Ni 'yar Filato ce, shekaruna hamsin da huɗu, ina zaune a unguwar Longsight a Manchester, ina aiki a kicin ɗin wata firamare. Maigidana ya rasu shekara huɗu ke nan. Bayan rasuwarsa da 'yan watanni fatata ta fara ƙaiƙayi, tana yin fari tana ɓarewa, daga gwiwar hannu har ta kama baya da ƙafafu. GP, wato likitan unguwarmu, ya ce ciwon fata ne da ake kira psoriasis, ba a ɗauka, ya ba ni man shafawa. Ni na ji, amma idon mutane bai ji ba. Sau ɗaya na je wurin iyo, wata mata ta janye ɗanta daga gefena. Ban koma ba. A da ni ce nake jan waƙar zumuntar mata a coci, yanzu a bencin baya nake zama, kafin a gama addu'ar rufewa na kai bakin Stockport Road ina jiran bas.

'Yata Nanret nas ce a Birmingham, tana unguwar Lozells da mijinta da 'yarsu Chloe. A Kirsimetin bara na je gidansu, ina yi wa yarinyar kitso, hannun rigata ya zame, ta tambaye ni da Turancinta me ya sa nake da fatar kifi. Uban ya ɗauke ta ya fita da ita. Wataƙila kunya ce ta kama shi, ban sani ba. Tun daga ranar ban sake taka gidan ba. Nanret takan kira, in ce aiki ya yi yawa. Sai in yi sati ban yi magana da kowa da Hausa ba.

To, kwanaki na ga wani bidiyo a waya: idon ruwan zafi a hamadar kudancin Maroko, ba gini, ba shago, sai duwatsu da tururi. Na tuna lokacin da makarantarmu ta kai mu idon ruwan ɗumi na Wikki ina 'yar shekara goma sha uku, yadda na shige ruwa ban damu da kowa ba. Na yi kuka. Na rubuta wa mai bidiyon, ya ce sunansa Zaid. Ya ce ruwan yana warkar da fata, zai kai ni da motarsa, tafiyar awa uku daga kwalta, ya bar mini tanti da abinci ya dawo bayan kwana biyu. Ba sabis a wurin. Gaskiya abin da ya ja ni ke nan, in cire doguwar rigar da nake rufe jikina da ita in zauna cikin ruwa ba ido ko ɗaya a kaina.

Na sayi tikiti na watan Agusta, lokacin hutunmu. Ban gaya wa Nanret ba, don na san za ta hana. Ina shan maganin hawan jini. Wani lokaci tsoro yakan kama ni, sai kuma in ce ko na mutu a can, sai an koma makaranta kafin wani ya lura. In tafi?

Mai Doguwar Riga, Manchester

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau biyu. Ba ki zautu ba. Mace ta yi shekara huɗu tana ɓoye jikinta, ta so wurin da za ta sake, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma tafiyar nan, a yadda aka tsara miki ita, kada ki yi.

Agusta tsakiyar zafi ne a hamada. Ruwan zafi yana sa jini ya sauka, ga ki kina shan maganin da shi ma aikinsa ke nan. Jiri na iya ɗibarki cikin ruwan da bai wuce ƙugu ba, kuma ba mai ɗago ki. Zaid na iya zama mutumin kirki, ban san shi ba, ke ma ba ki san shi ba. Amma ko waliyyi ne, mota tana lalacewa. Wanda ya san hamada ba ya ajiye baƙuwa ita kaɗai ya juya. Batun warkarwa kuma, wasu suna jin sauƙi, wasu zafin ruwan ƙara musu ƙaiƙayi yake yi, fatar da ta tsage kuwa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Ki koma wurin GP, ki gaya masa man bai wadatar ba, ki nemi ya tura ki wurin likitan fata. Ki tambaye shi batun shiga ruwan zafi kuma.

Idan ya amince, ki mayar da tikitin lokacin sanyi, hutun Fabrairu misali. Ki nemi kamfanin ja-gora mai rajista, wanda yake da wayar tauraron ɗan'adam, ki je da safe ki dawo kafin rana ta faɗi. Wani a gida ya san inda kike da lokacin dawowarki. Ki ɗauki ruwan sha fiye da yadda kike zato. Ki gwada zafin da ma'auni kafin ki sa ƙafa, don irin wannan ruwa yakan canja. Minti goma ki fito ki huta, kada ki nutsa kanki ruwan ya shiga hanci. In aka ce an yi ruwan sama a tsaunuka, ki fasa, kwari yakan cika ba sallama. Direba na iya jira a bayan dutse, amma dole wata mace ta zauna inda za ta ji muryarki.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wadda kika sa a ƙarshe. Nanret tana kiranki, ke ce kike rufe ƙofa. Ba sai an koma makaranta ba, ranar farko za ta lura. Idan tunanin mutuwa yana yawan zuwar miki, ki gaya wa GP a wannan makon, kada ki jira. Jikarki tambayar yara ta yi, amsa take nema, kuma har yau ba wanda ya ba ta. Surukinki ya yi kuskure da ya fita da ita, amma ke ma ba ki ba shi damar gyarawa ba.

Manchester zuwa Birmingham bai kai awa biyu a jirgin ƙasa ba. Ki je ranar Asabar, ki nuna wa 'yarki bidiyon, ki nuna mata bayanki. Ta ga jikin mutane da yawa a wurin aiki, naki ne kika hana ta gani. Ki tambaye ta ko za ta raka ki. Ina kyautata zaton hutun aiki za ta fara nema.

Allah ya ba ki sauƙi, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya.

Anti Rabi'a