Jikana da Ɓerayen Auta

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki, ya yara? Ni lafiya lau, bayana ne kawai yake ƙorafin goyo.

Amma raina a ɓace yake. Kin san aikin da ya sa Auta ta ɗauko ni reno? Ɓeraye! Wai bincike suke yi a wurin aikinsu kan wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, su cire ta daga wannan ɓera su dasa wa wancan, su ga ko nono zai zo. Ɓeraye sun samu nono, nata kuwa yana ƙafewa, don shugabansu ya hana ta fitowa shayarwa da rana. Jikan nawa, ɗan ƙaramin mijina, ya ƙi kwalba, wuyansa ya koma kamar na ɗan tsako.

Na yi magana, wai, "Inna, ɓerayen ba sa jira." Shi yaron dutse ne?

Ki taya ni addu'a. Gobe zan goya shi har gaban shugaban nan, in ce a ba shi keji. Ƙila in ya shiga layin ɓeraye ya ga uwarsa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki