Dami Huɗu Baba Ya Ci

Karofi, 3 ga Nuwamba, 1959

Zuwa ga Yaya Hassana a Kurfi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Tukur da yara. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba. Malam, kai da za ka karanta mata, a yi haƙuri da hannuna, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Bayan haka, kin san ranar jana'iza da liman ya tambayi wanda zai ɗauki bashin mamaci, ni na ce na ɗauka. To, masu bi sun iso. Shekaranjiya Alhaji Ɗanjuma mai hatsi na Dutsin-Ma ya aiko barorinsa, Rabo da wani dogo da ban san sunansa ba, wai Baba ya ci dami takwas na gero a hannunsa. Yaya, huɗu ne. Ni na ɗauko su a kan jaki bara da damina. Da na faɗi haka, Rabo ya yi dariya, ya ce ashe ɗan boko bai san gero na haihuwa ba.

Kuma ba hatsin suke so ba, karsanarki ce, wadda kika saya da sadakinki kika bar mana riƙo. Dogon har ya kama igiya a turke. Na ce masa ya saki, wannan ba ta cikin abin da Baba ya bari. Sai Rabo ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga ɗakin takaba, wai Malam Sodangi na can ɗaure a kabari saboda bashi, ɗansa na nan yana gadin saniya. Sun ce in ban kai ta ba, mu haɗu gaban alƙali. Tun ranar Inna ba ta cin komai sai kunu.

Kada hankalinki ya tashi. A gaida yara.

Ni ne ƙanenki,
Sabitu

Karofi, 17 ga Nuwamba, 1959

Yaya Hassana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso ta bakin Gwaggo Mairama, cewa in kwance karsanar in ba su don Baba ya huta. Ki yi mini gafara, ba zan kwance ba. Ni ma na kwana biyu ina juya maganar kabarin nan a raina. Amma ki saurara.

Sau huɗu ke nan Rabo na zuwa, kullum da maganar alƙali, amma bai taɓa sa rana ba. Na ce a raina, mai gaskiya ba ya jan ƙafa haka. Sai na tafi Dutsin-Ma, na yi kwana uku ina zama bakin zauren alƙali cikin masu sauraro, ba wanda ya hana ni. Na ga an kawo maganar bashin mamaci. Alƙali bai nemi komai daga magada ba sai da mai bi ya kawo shaidu, ya kuma yi alwala ya dafa Alƙur'ani.

Da aka tashi na bi muhutin alƙali, wato malamin da ke taimaka masa, wani dattijo mai sauƙin kai, na gaya masa komai. Ya ce bashin mamaci daga dukiyar mamaci yake fita, ba daga ta ɗiyarsa ba. Ya ce wanda ya ba da huɗu, huɗu shari'a ta san masa, abin da ya hau kai riba ce, haramun. Kuma ba mai ikon kwance dabba a gidan mutum da hannunsa. Na tambaye shi zancen kabari. Ya ce, "Yaro, Allah ba ya ɗaure bawansa da abin da Shi ya haramta."

Na gaya wa Inna. Ta ce ita ba ta san muhuti ba, ta san mai bashi bai ce ya saki ba. Na gane abin da take jira.

Ƙanenki,
Sabitu

Karofi, 25 ga Nuwamba, 1959

Yaya Hassana,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Yau labari mai daɗi ne.

Ranar Litinin Rabo ya dawo da maganar alƙali. Na ce madalla, gobe da hantsi, ni zan biya masa kuɗin mota ma. Ya ce wasa nake? Na ce ya gaya wa Alhaji ya zo da alwalarsa, don zai rantse a kan takwas. Rabo ya tsaya yana gyara hula, ya ce ai abin bai kai nan ba, tsakanin Alhaji da marigayi akwai mutunci. Na ce to, mutuncin ya kawo shi gidan marigayi.

Jiya sai ga Alhaji da kansa a kan keke, barorinsa na biye da jakai. Na riga na kira mai unguwa da liman, na fito da dami huɗu daga rumbun Baba, manya, na jera a ƙofar gida. Ya ɗaga kowanne ya jijjiga. Ya ce da liman yaran zamani ba su da kunya, kuma in damina ta matse mu kada in tuna hanyar gidansa. Na ce na ji, Allah ya bar zumunci. Wannan kam gaskiyarsa ce, da rani zan nemi aikin hanya don kada mu buƙata.

Zai sa a ɗaura wa jakai, na ce saura abu guda, ya faɗa da bakinsa. Ya ce me zai faɗa kuma, ai kowa ya gani. Liman ya ce, "Faɗi dai, Alhaji, akwai mai saurare." Inna na tsaye a bayan zana. Ya yi gyaran murya ya ce ba ya bin Malam Sodangi ko ƙwayar gero, duniya da lahira. Aka shafa fatiha.

Da la'asar Inna ta ce a tuƙa mata tuwo, ta cinye ta nemi ƙari. Karsanarki na nan a turkenta, sai ranar da ke kika aiko a kwance.

A gaida Malam da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne naki,
Sabitu Sodangi