Ba Likitanci Nake Karantawa Ba

Alƙahira, Fabrairu 2012

Yaya Babagana,

Assalamu alaikum. Ya jikin Ya Kaka? Ya kuke fama da dokar hana fita a Koki? Ni lafiya ƙalau, tarin ma ya yi sauƙi, kada a gaya mata.

Jiya maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma ya bugo waya, wai in rubuta wa matarsa maganin hawan jini. Ashe ce wa mutane kake likitanci nake karantawa! Falsafar da nake karantawa ce abin kunya?

To ka tuna ƙaninmu Ari. Duk tambayar da ya kawo zaure, da mari kake amsa masa. Waɗanda suka shimfiɗa masa tabarma suka saurare shi, su suka miƙa masa bindiga. A nan abin da ake koya mana ke nan: ka nemi hujjar mai magana, kome girman rawaninsa.

Ka gaya wa unguwa gaskiya. A aiko min da kuka da daddawa. Allah ya zaunar da Kano lafiya. In Ari ya dawo da rai, ka riƙe hannunka, ka bar min tambayoyinsa.

Ƙaninka,
Kyari