Jan Ƙyallen da Ke Goshin Jarumanku

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Makon Tarihi na ƙungiyarmu ta ɗalibai a Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ustaz, ina gaishe ka da ɗawainiyar jama'a, da fatan karatu yana tafiya tamam.

Ni ce Bilkisu, ɗalibar digiri na biyu a fannin tarihi, wadda kuka cire sunanta daga jerin masu jawabi na ranar Alhamis mai zuwa. Tunda a zauren ƙungiya na waya ka bayyana dalilinka a gaban kowa, ni ma a gaban kowa zan amsa.

Na ɗaya. Ku kuka nemi in yi jawabi a kan yaƙin Turawan Ingila da Zulu, kuka karɓi taƙaitaccen bayanina ba tare da ƙorafi ba. Yanzu na gane ba a karanta shi ba. Ma'alish, ba komai, in ji mutanen Masar.

Na biyu. Ranar Asabar na wuce shagon buga takardu na nan Darrasa, na ga fostar taron. Zane ne mai kala: baƙaƙen mutane da garkuwar fata da masu, an rubuta musu "Jaruman Zulu" da manyan baƙaƙe. Kowannensu da jan ƙyalle ɗaure a goshi. Ustaz, wannan ƙyalle shi ne duk kakin da Turawa suka ba 'yan Afirkan da suka ɗiba don su yaƙi Zulu, domin kada sojan Bature ya harbi nasa. Wato kun zaɓo hoton rundunar Ingila kun yi masa kirari. Na faɗa maka haka a asirce, cikin ladabi. Kwana biyu bayan nan fosta tana nan daram, ni aka sauke.

Na uku. Ka rubuta cewa jawabina zai kashe wa ɗalibai gwiwa, kuma ina neman wanke kakana ne. Gaskiya ne, kakan mahaifina ya yi wa Turawa soja, ni da kaina na sa haka a bayanin, ashe wannan layin kaɗai aka karanta. Bai taɓa taka ƙasar Zulu ba, wajen Kumasi aka kai su. Jar dararsa tana nan a akwatin kakata a Katsina, asu ya ci rabinta. Kakata takan fito da ita ta kakkaɓe ta mayar, amma ko sau ɗaya ba ta gaya mana wa ya harba ba. Wannan shirun ne ya kawo ni sashen tarihi. Ban zo wanke kowa ba, tsohon yana gaban Ubangijinsa.

Abin da zan faɗa a jawabin bai fi wannan ba: mutanen da ke fostarku wasu sarakunansu ne suka miƙa su bisa umarni, wasu suna da tsohuwar gaba da masarautar Zulu, wasu ma Zulu ne da suka yi gudun hijira. Kaɗan aka ba bindiga. Da abu ya ɓaci wa Turawa a fagen fama aka ce su ne matsorata, da aka zo rubuta sunayen matattu aka tsallake yawancinsu. Wannan ba ya rage wa Zulu jarumta ko ƙwayar zarra. Yana dai nuna yadda Bature ya ci nahiya guda da hannun 'ya'yanta. Ɗalibin da yake haddace littattafan fiƙihu da sharhinsu, ban ga yadda minti ashirin na wannan zai karya shi ba.

Na huɗu. Ka san sashenmu ba ya sa wa ɗalibi ranar kare kundinsa sai ya gabatar da bincikensa a taron jama'a. Malamata ta amince ta zo ranar Alhamis ta saurara ta sa hannu, bayan nan za ta yi tafiya sai wani zangon karatu. In kun hana ni, kun ƙara mini watanni a Masar, kuma ku za ku yi ta ganina.

Buƙatuna biyu ne. A mayar da sunana inda yake, bayan la'asar. A kuma janye maganar wanke kaka a zauren da aka yi ta. Wanda yake da ja, ya zo da hujjarsa, zan bar masa lokacin tambaya har ya gaji.

Fostar kuwa, ban nemi a sauke ta ba. Ku bar ta a bango. Mutanen nan sun daɗe ba wanda ya kira su jarumai, sai ga shi kwamitinku ya yi, kuma a bayan kujerarka za su tsaya ranar Alhamis. Saura dai a ba ni makirufo in gaya wa jama'a ko su waye.

Allah Ya ƙara maka basira, Ya sa ka gama karatunka lafiya, Ya ba ka ikon karanta takarda har ƙarshenta.

Wassalam.

Ƙanwarka a ilimi,
Bilkisu
Darrasa, Alƙahira