Zakin Nairobi da Idon Kaka

Zuwa ga kakata kuma uwargidana, Hajiya Dije,

Bayan gaisuwar ban girma, yaya idon naki da mutanen Dala? Angonki lafiya lau a Nairobi, in ban da sanyi.

Ina sanar da fadarki cewa kwas ya ƙare, safiyar Asabar kaɗai ta rage mini. Na shirya leƙa gandun dajin bakin gari in ga zaki.

Sai kunya ta rufe ni. Tun kafin idonki ya fara hazo kike roƙona in kai ki gidan zu ki ga zaki, ina cewa ba lokaci. Yau ga lokaci ya samu a ƙasar wasu.

Ranar Litinin zan zo da adaidaita. Ki lallaɓa idon nan ya jira ni.

Angonki mai laifi,
Nazeer