Ramin Caji Na Kawo Gyara, Ka Share Mini Muryar Mahaifina

Zuwa ga Alhaji Nafi'u, mai shagon gyaran waya da tura fina-finai a Kazaure, wanda ya rubuta wa kansa "Injiniya" a allon shago.

Assalamu alaikum. Ina yi maka gaisuwar da addini ya ɗora mini, ba don ka ci fiye da ita ba. Sunana Bilkisu, malamar firamare daga Roni. Ni ce matar da ka yi wa dariya a gaban mutane saboda katun ɗin Japan. A fili ka yi mini, kuma ka daina ɗaukar kirana, shi ya sa nake rubuto maka a fili.

Ya kamata ka san wayar da ka riƙe. Mahaifina manomi ne, har bara da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya ɗauke masa magana. Kafin ciwon nakan naɗi muryarsa idan yana ba jikoki labarin yadda suke kai gero kasuwar Babura a kan jaki. Ni kuwa tun ina ɗaliba nake kallon anime, wato katun ɗin Japan, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Wata rana ina zaune gefen tabarmarsa ina kallon wani mai labarin tsohuwa da gonar shinkafarta, sai na ga Baba ya kafa wa wayar ido. Da aka nuno ruwa yana shiga fadama, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna. Ba ya jin yarensu, ba ya karanta fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoton, amma ya san shuka idan ya gan ta. Daga nan kullum bayan la'asar tare muke kallo. In mun gama sai in kunna masa muryarsa, ya saurara, ya yi murmushi da rabin baki.

Ga abubuwan da ka yi mini. Na farko, gyaran ramin caji kawai na kawo maka. Na faɗa maka da bakina cewa akwai abin da ba na son a taɓa a ciki. Ba ka ma ɗago ba, kana can kana ɗaukar kanka bidiyo da wata sabuwar waya da ko kwalinta ba ka biya ba, kamar yadda maƙwabcin shagonka yake ta faɗa. Ka ce in je in dawo.

Na biyu, da na dawo ka miƙo mini waya fes, babu komai a cikinta. Ka ce ka yi mata filashin wai saboda ta yi nauyi, har kana jiran godiya. Wa ya sa ka? Mai gyaran ƙofa ne zai shiga ɗaki ya kwashe kaya ya ƙone, ya ce ɗakin ya cika? Da na tambaye ka ina muryoyin da ke ciki, ka ɗaga murya don masu zaman banza a bencinka su ji, ka ce ai katun ɗin yara ne ya cika ta, kuma mace mai shekaruna ta nemi abin yi. Suka yi dariya, kai ma ka yi. Mutumin da sana'arsa tura wa mutane fim, yana raina mai kallo! Kai da ba ka san bambancin gyara da sharewa ba.

Na uku shi ne memorin da ka cusa mini wai na ba da haƙuri. Ko mako bai yi ba ya fara cinye duk abin da aka zuba masa. Na kai wa wata mai shago a Gwiwa, ta duba ta ce jabu ne, girman da aka rubuta a jikinsa ƙarya ne. Ashe har haƙurinka jabu ne.

Katun ɗin na sake samu a wajenta, ba ta yi mini ko kallon banza ba. Murya kuwa ta tafi. Ranar da na koma gida da katun ɗin muka gama kallo, Baba ya taɓa wayar, ya taɓa maƙogwaronsa, yana jira. Dole na gaya masa gaskiya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuska bango. Har yau in mun gama kallo sai ya taɓa maƙogwaron, sannan ya tuna.

Ba na neman ka mayar mini da ko kwabo, riƙe abinka. Ina so ka goge "Injiniya" daga allon nan har sai ka koyi aikin. Ina so ka daina share wayar kowa sai ka tambaye shi, ka kuma kwashe memorin jabu daga kantarka. Mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa kuwa, duk mai abin da yake ji da shi a waya ya kwafe shi wani wuri kafin ya doshi wannan shago.

Allah Ya shirye ka, Alhaji. Allah Ya sa kada wata rana ka miƙa abin da kake ƙauna ga hannu irin naka.

Wassalam.

Bilkisu, Roni.